Bangon da ke sayar da littafi: yadda injin bugu da kantar ɗan kasuwa suka tsara zanen ƙagaggun labaran kimiyya

A watan Afrilu na 1926 Hugo Gernsback ya fito da Amazing Stories a birnin New York, mujalla ta farko da ba ta ɗauke da komai sai ƙagaggun labaran kimiyya. Senti 25 ake sayar da ita. A bangonta an zana duniyar Saturn da zobenta ta cika sama, a ƙasa mutane na sulɓi a kan ƙanƙara, sararin samaniyar kuwa rawaya ne shar. Frank R. Paul ne ya zana, ɗan asalin Ostiriya wanda ya karanci fasalin gine-gine, kuma shi ya ci gaba da zana kowane bango na mujallar har 1929 da ta suɓuce daga hannun Gernsback.

Mai kallo a yau zai ɗauka son ran mai zane ne ya sa sama ta zama rawaya a wannan wata, ta zama ja a wata mai zuwa. Akwai wannan, amma babban dalilin kuɗi ne. Gernsback mutum ne mai riƙe aljihu, da launi uku yake buga bangonsa maimakon huɗu, kuma fili guda na launi tsantsa ya fi arhar bugawa, ya fi fitowa ba kuskure, ya kuma fi fizgar ido daga nesa. Wanda ya gane wannan ya kama bakin zaren fannin gaba ɗaya. Kusan duk abin da ake yabawa ko ake yi wa dariya a waɗannan zane-zane, daga 1926 zuwa ƙarshen shekarun 1970, amsa ce ga wata matsala ta maɗaba'a, ko ta wurin da ake baje kayan, ko ta dillalin da ke rarraba su.

Takarda biyu a mujalla ɗaya

Mujallun arha na Amurka a wancan zamani yawancinsu inci 7 ne a faɗi, inci 10 a tsawo, shafi kamar 128, gefensu ba a datse shi daidai ba. Takardar ciki ta niƙaƙƙen itace ce, mai kaushi, mai shan tawada. In aka buga mata hoto mai inuwa-inuwa sai ɗigon tawadar su bazu su haɗe, hoton ya zama baƙin tabo. Shi ya sa zanen ciki baƙi da fari ne zalla, layi da ɗigo. Virgil Finlay ya yi suna a nan: da bakin alƙalami yake ɗiga tawada ɗaya bayan ɗaya har fuska ta fito da inuwarta, ko ya shafe farin allo mai rufin yumɓu da baƙar tawada ya kankare hasken da tsinin wuƙa. Aiki ne na kwanaki a kan ladan da bai taka kara ya karya ba.

Bango shi kaɗai ake buga wa takarda mai santsi, kuma shi kaɗai ke samun launi. Yadda ake yi, a kafa zanen gaban kyamara a ɗauke shi ta cikin gilasai masu launi. Jan gilashi ya ba da farantin buga shuɗi, koren gilashi ya ba da farantin ja, shuɗin gilashi ya ba da farantin rawaya, sai na huɗu na baƙi ga mai halin biya. Kowane hoto ana ratsa shi ta wata raga mai ƙananan idanu, wadda ke farfasa shi zuwa ɗige-ɗige, manya inda launi ya yi kauri, ƙanana inda ya yi haske. Ragar kowane launi da kusurwar da ake karkata ta: baƙi a digiri 45, ja a 75, shuɗi a 15, rawaya a miƙe. In an kuskure kusurwa sai wani zanen saƙa ya bayyana a kan hoton wanda mai zane bai sa ba. In faranti ɗaya ya goce da ko rabin milimita ne, sai ka ga jan leɓe ya zame gefen baki, ko wani siririn layin rawaya ya bi gefen kumbo.

Masu zanen sun san da haka, don haka suka daidaita hannunsu da injin. Launi mai laushi, irin tokar gajimare ko ruwan ƙasa mai duhu, bugu na mayar da shi laka, sai suka guje shi. Suka riƙe ja da rawaya da shuɗi tsantsa, suna aza mai haske kusa da mai duhu, suna ƙarfafa gefen kowace siffa. Zanen asali kan ninka girman bangon sau ɗaya da rabi ko sau biyu, domin in kyamara ta rage shi, sawun buroshi ya ɓace, layi ya ƙara kaifi. Kashi ɗaya cikin huɗu na sama, wani lokacin har kashi ɗaya cikin uku, dole a bar shi ba wani abu mai muhimmanci, don nan sunan mujalla zai zauna. A bar kuma wani lungu a ƙasa don sunan labari da na marubuci. Wanda ya ga zanen asali a gidan tarihi yakan yi mamakin wofin filin da ke samansa. Ba lalaci ba ne, wurin rubutu ne.

Abin da ake zanawa, da wanda ya zaɓe shi

A rumfar mai sayar da jaridu mujallu jere suke, ɗaya ta rufe rabin ɗaya, kuma masu fafatawa ba na kimiyya kaɗai ba ne, akwai na 'yan sanda, na kaboyi, na soyayya, na yaƙin jiragen sama. Bango yana da ɗan ƙiftawar ido ne ya tsayar da mai wucewa. Edita ne ke yanke abin da za a zana. Mai zane ya kawo ƙananan zayyana biyu ko uku da fensir ko fentin ruwa, a zaɓi ɗaya, a ce masa ya ƙara girman dodon ko ya matso da matar gaba, sannan ya je ya yi na gaske. Sau da yawa ma zanen ne ke riga labarin zuwa. Edita ya sayi bango, ya miƙa wa marubuci hotonsa, ya ce rubuto mini abin da zai dace da wannan. Kamfanin Badger a Ingila ya mayar da wannan hanya sana'a, inda Lionel Fanthorpe ya riƙa zubo littattafai a kan bangon da aka riga aka tanada.

Mujallar Weird Tales ta Chicago ta bi hanyar tsiraici. Margaret Brundage ta zana mata bango 66, a kan dala 90 kowanne, tana sa hannu da M. Brundage, har masu karatu da yawa ba su san mace ba ce. Da alli mai launi take aiki, wanda ke ba fata wani laushi da fentin mai ba ya bayarwa, amma garinsa ba ya kama takarda da ƙarfi, ɗan girgiza kaɗan ya goge. Muddin ofishin yana Chicago tana iya kai aikinta da hannu. Da mujallar ta koma New York a 1938, aika irin wannan zane ta gidan waya ya zama wahala, aikinta a can ya ja baya. Earle K. Bergey kuwa, a Startling Stories da Thrilling Wonder Stories na shekarun 1940, shi ne mai matan nan da ke shawagi a sararin samaniya da 'yar rigar ƙarfe, namijin da ke gefensu kuma ya rufe ruf da kayan 'yan sama jannati. Masu karatu sun yi ta rubuto wasiƙun ƙorafi cewa suna jin kunyar riƙe mujallar a jirgin ƙasa. Masu kamfani ba su sauya ba, don lissafin ciniki suke dubawa, ba wasiƙa ba. A gaskiya Bergey gwani ne wajen zana jikin mutum, ya fi Paul nesa ba kusa ba. Mutanen Paul sandararru ne, ƙarfinsa yana ga birane da injuna.

John W. Campbell, wanda ya zama editan mujallar Astounding a 1937, ya nemi wani mai saye daban: injiniya, ɗalibi, ma'aikacin ɗakin gwaji. Hubert Rogers ya ba shi bango mai nutsuwa, launi a kwantar, fuskokin mutane masu tunani. Daga baya Chesley Bonestell, wanda hotunansa na Saturn suka fito a mujallar Life a 1944, ya kawo zanen duniyoyi da aka auna kusurwar haske da nisa kafin a taɓa buroshi. Ya zana duwatsun wata da tsini da kaifi, sai da kumbuna suka isa aka ga ashe a goge suke, masu gangara a hankali.

Da girma ya ragu

Ƙarancin takarda a Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Astounding ta koma ƙaramin girma a Nuwamba 1943, kimanin inci biyar da rabi a faɗi, bakwai da rabi a tsawo. Kamfanin Street & Smith, mai buga ta, ya rufe sauran mujallunsa na arha a 1949. Sababbin da suka fito, The Magazine of Fantasy and Science Fiction a 1949 da Galaxy a Oktoba 1950, da ƙaramin girman suka fara. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Fili ya ragu, dambe tsakanin mutum uku da dodo ba zai shiga ba, sai tunani guda mai kaifi. Galaxy ta ware farin fili a sama da gefen hagu ta zuba duk rubutu a ciki, ta bar zanen tsaf ba harafi a kansa, ta kuma buga shi a takarda mai ƙyalli ta Kromekote. Ed Emshwiller, mai sa hannu da Emsh, da Frank Kelly Freas su ne gwanayen wannan zango, da fentin ruwa mai kauri a kan allon kwali, mai saurin bushewa, wanda ba ya ƙyalli a gaban kyamara. Bangon Freas na Astounding a Oktoba 1953, ƙaton mutum-mutumin ƙarfe riƙe da gawar mutum a tafinsa, fuskarsa cike da rashin fahimtar abin da ya yi, shi ne ya sake zana wa ƙungiyar mawaƙan Queen a 1977. A 1953 ɗin ne aka fara ba da lambar Hugo, lambar yabo ta wannan fanni, Emshwiller da Hannes Bok suka raba ta zanen bango.

Sai a 1957 American News Company, babban dillalin da ke kai mujallu lungu-lungu a Amurka, ya rufe harkar rarrabawa. Mujallu da dama suka mutu a 'yan shekarun da suka biyo baya. Kasuwa ta riga ta fara komawa ga littafin aljihu.

Littafin aljihu da ragar waya

Penguin, mai buga littattafan aljihu, ta fara a Ingila a 1935, sisi kowane littafi, bangonta ba hoto, rubutu ne da ratsin launi. Pocket Books ta fara a Amurka a 1939 a kan senti 25, ita kuwa da hoto, domin a kantin magani da tashar mota da tashar jirgi ake sayar da ita, cikin ragar waya mai juyawa inda littafi ke fuskantar mai saye. Girmansa kamar santimita 11 ne da 18. Aljihun ragar kan rufe ƙasan bango, don haka suna da abin da ya fi jan ido suka hau sama.

Akwai wata ƙa'idar ciniki da ta nuna matsayin bango ƙarara. Littafin da bai sayu ba, ɗan kasuwa ba ya mayar da shi, don kuɗin dako ya fi darajarsa. Sai ya yage bangon ya aika wa kamfani a cire masa kuɗin, sauran a lalata. Wato a littafin lissafi, bangon shi ne kayan. Kuma tunda mako kaɗan littafi ke yi a raga kafin a sauke shi, in bango bai yi aikinsa nan take ba, ba wata dama ta biyu.

Kamfanoni biyu da aka kafa a 1952 sun ba da amsa biyu mabambanta. Ace, ƙarƙashin editanta Donald Wollheim, ta haɗa gajerun littattafai biyu baya da baya, ɗaya a kife, ka gama wannan ka juya ka fara wancan. Bango biyu ke nan a senti 35, kuma ɗan kasuwa na iya juya fuskar da ta fi ja. Ed Valigursky da Emsh da Jack Gaughan suka cika su da kumbuna da bindigogin haske, gadon tsofaffin mujallu kai tsaye. Wannan tsari ya kai har 1973. Farashinsa kuwa marubuta suka biya, don ana datse labari ya shiga adadin shafin da aka ƙayyade.

Ballantine ta bi wata hanya. Ian da Betty Ballantine suna neman babban mutum mai karatu wanda ba zai so a gan shi da hoton dodo ba, sai suka sakar wa Richard Powers mara. Powers ya ɗauko salon masu zanen mafarki irin su Yves Tanguy: siffofi masu narkewa, ba mutum ba ba inji ba, tsaye a fili marar iyaka. Bangonsa ba ya nuna wani fage daga labarin, yanayi yake nunawa. A nan ne fannin ya fi yin tsalle, kuma in za a zaɓi mutum ɗaya da ya fi sauya fuskar littafin aljihu, Powers ne, ko da yake ba shi ya fi farin jini a wurin masu tara kaya a yau ba. Wannan farin jinin na Frank Frazetta ne, wanda bangonsa na littattafan jarumi Conan a kamfanin Lancer daga 1966 ya dawo da tsoka da takobi da fentin mai, siffa guda a tsakiya kamar dala, gefuna a narke cikin duhu.

Ingila da bindigar feshi

A shekarun 1970 Chris Foss ya cika bangon littattafan kamfanin Panther da manyan jiragen sama jannati masu ratsin rawaya da baƙi, masu tsatsa da faci, ba mutum ko ɗaya. Bai cika karanta littattafan ba, kuma kamfanin bai damu ba. Kayan aikinsa 'yar bindigar feshin fenti ce da iska ke turawa. Ana tsinka fenti har ya yi ruwa-ruwa, a rufe allon da siririyar leda mai ɗan gam, a yanke siffar da ake so da wuƙa, a ɗaga wannan yanki kaɗai a fesa, a mayar a buɗe na gaba. Ana fara da sararin baya, a ƙare da ƙananan tagogi da layukan ƙarfe da siririn buroshi, don su ne ke sa ido ya yarda jirgin ƙato ne. Matsalolinta sanannu ne. Fenti in ya yi kauri ya toshe bakin ya yi tartsatsi, in ya yi ruwa da yawa ko aka matso kusa ya bazu da ƙafafu, wuƙa in ta nutse ta yanki allon fenti ya taru a ramin, leda kuma in ta daɗe ta ɗago fentin da ke ƙarƙashinta.

A wannan zamani zane ya rabu da labari kusan gaba ɗaya. Wakilan masu zane na ɗaukar hoton aikin a fim mai girman inci 4 da 5, su sayar da izinin bugu na biyu da na uku ga kamfanonin Jamus da Italiya da Holan. Shi ya sa za ka ga jirgi ɗaya a kan littattafai uku na marubuta uku, wani lokaci an juya shi hagu zuwa dama, sa hannun mai zanen ya koma baibai. A 1978 Stewart Cowley ya tattara irin waɗannan zane-zane ya ƙirƙira musu tarihi guda ya yi littafi da su. A Turai kuma wasu sun yi zaman dirshan a gida ɗaya: Johnny Bruck ya zana bangon jerin labaran Perry Rhodan na mako-mako a Jamus tun daga 1961 har rasuwarsa a 1995, Karel Thole ya daɗe yana zana wa mujallar Urania ta Italiya cikin da'irar nan da aka san ta da ita. Gollancz, mai buga littattafai a Landan, ta ƙi hoto sam, rawayar riga kawai take sa wa littattafanta masu kauri, kuma masu karatu na gane su daga ƙofar laburare.

Ina zanen asali suka tafi

A zamanin mujallun arha, kamfani kan sayi zanen ɗungurungum. In an gama ɗaukar hoto sai a jingine shi a sito, a ba wani kyauta, a yi gwanjonsa a taron masu karatu da kuɗi kaɗan, ko a zubar in za a tashi daga ofis. Kaɗan ne suka tsira. Frazetta da matarsa Ellie suna cikin waɗanda suka dage a dawo musu da zanensu, izinin bugawa kawai suke sayarwa. A 2019 aka sayar da zanensa ɗaya na bangon mujallar Eerie ta 1969 a kan dala miliyan 5.4.

Ga wanda littafin ya faɗo hannunsa a tarin gwanjo

Farashin da ke bango shi ne shaidar farko ta shekaru. A Amurka senti 25 na nuna shekarun 1940 zuwa farkon 1950, senti 35 na shekarun 1950, senti 50 zuwa 75 na shekarun 1960, daga senti 95 zuwa sama kuma galibi an shiga 1970. Na Ingila in ka ga 2/6 ko 3/6, wato sule biyu da sisi ko sule uku da sisi, an buga shi kafin sauyin kuɗi na Fabrairu 1971. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ba ta yaɗu ba sai daga 1970, layukan da na'urar kanti ke karantawa kuma sun zo bayan haka. Shekarar haƙƙin mallaka da ke ciki ta labarin ce, ba ta bangon ba, don littafi ɗaya kan sauya riga sau biyar. Sunan mai zane sau da yawa ba a rubuta shi, sai a nemi sa hannu a kusurwar ƙasa da gilashin ƙara girma, in ba a datse shi ba. Rumbun bayanai na ISFDB a intanet na taimakawa wajen haɗa bugu da mai zanensa. Da wannan gilashin ne kuma ake gane bangon jabu. Na asali baƙin rubutunsa cike yake, gefensa kaifi, ɗige-ɗigen launi a jere. Wanda aka kwafa da na'urar zamani har baƙin rubutun a farfashe yake.

Lalacewa kuwa daga cikin takardar take tasowa. Niƙaƙƙen itace na ɗauke da sinadarin da ke komawa ruwan ƙasa in ya sha haske da iska, ga tsamin da aka sa wajen sarrafa ta yana cin zarenta, har gefen shafi ya riƙa karyewa. Zafi na hanzarta wannan. Rana na cinye ja da rawaya kafin shuɗi, shi ya sa littafin da ya daɗe a taga ko a shimfiɗar ɗan kasuwa ke komawa shuɗi-shuɗi, musamman ƙashin bayansa. Littafin aljihu ba ɗinki gare shi ba, gam ne ke riƙe shafukan, in ya bushe ya tsage da zarar an buɗe shi sosai, don haka kada a wangale shi fiye da rabi. Ledar da aka manna wa bangon wasu na shekarun 1940 takan ɗago daga gefe, in aka ja ta sai ta tafi da launin. Mujallu kuma ƙarfen da ya ɗinke su na tsatsa ya ci takardar da ke kewaye.

Abin da ya dace shi ne wuri mai sanyi da duhu, kusan digiri 18 zuwa 20, danshi tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. A ƙasar Hausa wannan da wuya, don hunturu na busar da gam, damina ta kawo fumfuna, ga gara. Abin da za a iya shi ne a zaɓi ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon waje da ƙasa da rufin kwano, a sa kowane littafi cikin jakar leda ta adana takardu da kwali marar tsami a bayansa, kada a liƙe bakin jakar ruf a lokacin damina. Mujalla a kwantar da ita, kada tarin ya wuce goma zuwa goma sha biyar, littafin aljihu a tsayar da shi da makwabta masu tsawo ɗaya. Yagaggen bango kada a kusance shi da salatif, don gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama ake amfani da su, a shafa kaɗan ta bayan bangon, a danne tsakanin takardu masu shan ruwa har ya bushe.